Musanya ko cirewa: wanne ke rinjaye a cikin kwalba?

Ɗaliban kimiyyar sinadarai a Katsina, daga masu shirin JAMB har 'yan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, sun sha kawo waɗannan tambayoyi.

Yaya sinadarai iri ɗaya za su ba da sakamako biyu?

Saboda OH⁻, wato oksijin da haidurojin a haɗe masu ɗauke da caji, aiki biyu ya iya. Ɗauki CH₃CHBrCH₃, mai kabon uku a jere da buromin (Br) a kan na tsakiya. In OH⁻ ya kai hari kan kabon ɗin da ke riƙe da buromin, sai buromin ya fita shi ya maye gurbinsa, a samu alkohol. Musanya ke nan. In kuwa ya fizge haidurojin daga kabon na maƙwabtaka, buromin zai fita, kabon biyun su ƙulla ɗauri biyu, a samu iskar CH₃CH=CH₂. Cirewa ke nan. Duka biyun suna faruwa a kwalba ɗaya, sai dai wani ya fi wani yawa. Sunayen SN1 da SN2 (hanyoyin musanya) da E1 da E2 (hanyoyin cirewa) kuwa daga aikin Ingold da Hughes na Landan suka fito, a shekarun 1930.

To me ke raba gardamar?

Cunkoso ne kan gaba. Kabon mai maƙwabcin kabon ɗaya bayansa a buɗe yake, maharin zai shigo ta nan, SN2 ta yi nasara. Mai maƙwabta uku kuwa, kamar (CH₃)₃CBr, hanya a toshe take, don haka bes (sinadari mai fizgar haidurojin) mai ƙarfi sai ya ɗauke haidurojin na gefe, E2 ta ci. Girman maharin ma haka. (CH₃)₃CO⁻ tamkar tirela ce a lungunan Kofar Soro: ba ta shiga ciki, abin da ke bakin titi take kwasa. Mai maƙwabta biyu shi ne mai rikici, kuma nan malamai suka fi son ɗana tarko.

Zafi fa?

Yana goyon bayan cirewa, domin ita ke ƙara yawan ƙwayoyi. Shi ya sa KOH (sinadarin da ke sakin OH⁻) cikin ruwa ke ba da alkohol, amma KOH cikin etanol da zafi ke ba da alkin (alkene), wato mai ɗauri biyu tsakanin kabon biyu. Duba wannan tun kafin ka ɗora biro.

Akwai inda cirewa ba ta yiwuwa sam?

Akwai, CH₃Br. Ba shi da kabon na biyu, balle haidurojin da za a fizga.

In alkin biyu za su iya fitowa, wanne za a rubuta?

Da ƙaramin bes, bi ƙa'idar Zaitsev ta 1875: wanda ɗaurinsa biyu ya fi kewayuwa da kabon. Da ƙaton bes, akasin haka aka fi samu.