Baƙin hunturu sun fara rasa masauki

Jama'a, ni malamin gona ne, rayuwata duk a fadama take tare da masu noman rani. Yau kan tsuntsayen ruwa zan yi magana, kada wani ya ce ina ruwan manomi da agwagwa.

Shamuwa kowa ya san ta, ita ke yi mana albishir da damina. To, hunturu ma yana da baƙinsa. Daga wajen Oktoba agwagin daji da wasu tsuntsaye masu kiwo a bakin ruwa ke ƙetaro Sahara daga Turai da Rasha, su zauna har Maris. Babban masaukinsu a yankinmu shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, inda suke cakuɗuwa da namu na gida, su kirinjijiya da dinya da zalɓe.

Ruwan da ke raya wannan dausayi, da yawansa daga ƙasar Kano yake gangarawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadamun can kowace shekara ta ragu. Madatsun sun amfane mu, ba na musu. Amma inda ruwa ya daina cika yana janyewa a kan lokaci, ciyawar kachalla ta samu wuri, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye filin da agwagwa ke kiwo. Kuma cikin kachallar nan jan-baki, tsuntsun nan mai cinye hatsi a gona, ke kwana. Mai gonar shinkafa ya san abin da nake nufi.

Sai ga zafi ya ƙaru. Ruwa marar zurfi, wanda shi tsuntsu ya fi so, shi ke saurin ƙafewa. Nan ne abin ke damuna. A da, in tafki ɗaya ya ƙafe, tsuntsu sai ya tashi zuwa na gaba. Yanzu zafi ya kore shi daga nan, ya je can ya tarar an cike wurin an yi gini. Ko a Turai, da sanyi ya yi sauƙi, wasu agwagin sun rage nisan ƙaurarsu, amma mai yin haka sai ya samu ruwan da zai sauka.

Mu duba cikin birnin Kano. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, nawa suka rage? An cike su da shara, an yanka filoti. Kududdufan nan kuwa su ne ke shanye ruwan sama. Shi ya sa yanzu ruwan awa biyu sai ya shigar mana ɗaki. Rafin Jakara kuwa dagwalo yake kwasa har madatsar Wasai.

Don Allah, masu unguwanni da dattawa, kududdufin da ya saura a tsare shi. Manoma, kada a wanke tankin feshi a rafi, kada a zuba guba a ruwa don kama kifi ko tsuntsu. Mafarauta, a sassauta wa baƙin nan, sai sun yi ƙiba suke iya sake ƙetare hamada.

Kuma in ruwa ya yi ƙaranci, tsuntsaye kan cunkushe wuri guda, cuta ta yi saurin yaɗuwa. Ba mu manta murar tsuntsaye ta 2006 da ɓarnar da ta yi wa masu kaji a Kano ba. Duk wanda ya ga tsuntsaye matattu a bakin ruwa, kada ya taɓa, kada yara su ɗauka, a nisanta kaji da agwagin gida, a sanar da likitan dabbobi mafi kusa.