Martanin Cocin Katolika kan Zargin Cin Zarafi da Zubar da Jini

Sukar da ake yi wa Cocin Katolika ta fi karkata ga abu biyu: jinin da aka zubar da sunan addini a ƙarnonin baya, da lalata da ƙananan yara da wasu limamanta suka yi, tare da rufa-rufar shugabanninsu. A Kebbi da Zamfara mabiya Katolika tsiraru ne cikin maƙwabta Musulmi, don haka zancen yaƙin Salibiyya ba baƙo ba ne a kunnensu. Zamfara da wani sashe na Kebbi suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato (dayosis shi ne yankin da bishop ɗaya yake kula da shi), wanda Bishop Matthew Hassan Kukah yake jagoranta tun 2011, yankin Zuru kuma yana ƙarƙashin Kontagora.

Abin da ya faru a tarihi

Fafaroma Urban na II ne ya yi kiran yaƙin Salibiyya na farko a Clermont ta Faransa a 1095. Mayaƙan sun shiga Ƙudus a 1099, suka karkashe Musulmi da Yahudawan birnin. Masana sun saɓa kan adadin mamatan. A 1204 wata rundunar ta wawashe Kustantiniyya, birnin 'yan uwansu Kiristoci. Kotun binciken aƙida ta Sifaniya, wadda aka kafa wajen 1478, ta matsa wa Yahudawa da Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, ba a kuma rufe ta ba sai 1834. Abin da ya fi shafar Afirka shi ne wasiƙar Fafaroma Nicholas na V ta 1452, wadda ta halatta wa sarkin Fotugal bautar da waɗanda ba Kiristoci ba.

Neman gafara

An daɗe ana kare waɗannan abubuwa da cewa haka zamanin yake. Sauyi ya bayyana a 1965, lokacin da babban taron Vatican na biyu ya fitar da sanarwar Nostra Aetate, wadda ta ambaci Musulmi da girmamawa, ta kuma yarda cewa an sha gaba da husuma a baya.

Fafaroma John Paul na II ne ya fi kowa nisa a wannan hanya. A 1992 ya je tsibirin Gorée na Senegal, ya tsaya a gidan da ake tunawa da cinikin bayi, ya roƙi gafara. Ranar 12 ga Maris, 2000, a majami'ar Saint Peter ta Vatican, manyan limamai bakwai suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya furta wani nau'in laifi, a kunna fitila, Fafaroma ya yi addu'a. Cikinsu har da Kadinal Francis Arinze na Najeriya, wanda ya karanta sashen tauye mutuncin mata. Shekara guda bayan haka Fafaroma John Paul ya cire takalmi ya shiga Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, abin da wani Fafaroma bai taɓa yi ba. A 2017 Fafaroma Francis ya nemi gafara kan hannun 'yan coci a kisan ƙare-dangi na Ruwanda na 1994.

Lalata da yara

Nan martanin ya zo a makare, kuma 'yan jarida da waɗanda aka zalunta ne suka tilasta shi. Binciken jaridar Boston Globe na 2002 ya nuna yadda ake ɗauke limami mai laifi daga wannan coci a kai shi wata, abin da ya kai ga murabus ɗin Kadinal Bernard Law na Boston. Rahoton kwalejin John Jay na 2004 ya ƙirga limamai 4,392 da aka zarga a Amurka tsakanin 1950 da 2002. A Faransa, wani kwamiti mai zaman kansa ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kimanin 216,000 abin ya shafa tun 1950.

A 2019 aka tuɓe Theodore McCarrick, tsohon kadinal, daga limanci. A shekarar ce dokar coci mai suna Vos estis lux mundi ta wajabta wa limamai kai rahoton cin zarafi ga hukumomin coci, ta kuma umarci kowane dayosis, har da na Najeriya, ya buɗe hanyar karɓar ƙorafi.

Saɓani

Masu kare coci suna cewa laifin 'ya'yanta ne ba na koyarwarta ba, kuma irin wannan ɓarna tana faruwa a makarantu da gidaje. Ƙungiyoyin waɗanda aka ci zarafinsu suna ganin wannan kauce wa tambaya ne, tunda dokar 2019 ba ta wajabta kai ƙara ga 'yan sanda ba, sai inda dokar ƙasa ta ce a yi.