Waiwaye: Lord Shaftesbury da matan da suka kai kukan yaran Ingila cikin gidaje

A farkon shekarun 1840 akwai wata yarinya 'yar shekara 8 mai suna Sarah Gooder, aikinta kawai ta zauna can ƙarƙashin ƙasa cikin ramin kwal a yankin Yorkshire na Ingila tana buɗe wata ƙofa tana rufewa duk sanda za a wuce da kaya, ba fitila ba kowa a kusa. Da masu bincike suka tambaye ta sai ta ce musu wani lokacin takan yi waƙa in akwai haske, amma cikin duhu ba ta iyawa, tsoro take ji. Maganar nan tata tana cikin rahoton da ya girgiza Birtaniya a watan Mayun 1842, kuma wanda ya matsa wa majalisa lamba tun 1840 har aka kafa kwamitin binciken shi ne Anthony Ashley-Cooper. A lokacin Lord Ashley ake kiransa, sai a 1851 da mahaifinsa ya rasu ya gaji sarautar Shaftesbury.

Sunansa dai ba ɓoyayye ba ne a tarihin dokokin kare ma'aikata, abin da ba a cika faɗa ba shi ne rawar da mata marubuta suka taka a fafutukar tasa, kuma ni a ganina in aka cire su labarin ya zama rabi. Shi yana da kujera a majalisa tun 1826, yana da suna yana da asali, amma rahoton majalisa wa ke karantawa? Littattafai ne jibga-jibga da ke ƙarewa a kan kanta. Su kuwa matan ko ƙuri'a ba su da ita, sai 1918 wasunsu suka samu, amma suna da masu karatu, rubutunsu na shiga har ɗakin matan attajiran da ke da masaƙun.

Tun yana yaro ma mace ce ta gina shi. Iyayensa ba su ja shi a jiki ba, wata mai aikin gidansu Maria Millis ita ta riƙe shi ta koya masa addu'a da karatun Baibul, da ta rasu ta bar masa agogonta na zinare, da shi ya riƙa yawo har tsufansa yana cewa aminiyar da ba shi da kamarta ce ta ba shi.

A 1833 ya karɓi jagorancin neman dokar awa goma, wato dokar da za ta taƙaita aikin yara a masaƙu zuwa awa goma a rana, bayan Michael Sadler, ɗan majalisar da ke jagorantar neman kafin shi, ya faɗi zaɓe. Ƙudirinsa bai wuce ba, gwamnati ta kawo nata: an hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 9 a masaƙar auduga, an rage wa 'yan 9 zuwa 13 lokacin aiki, aka naɗa sufeto huɗu kacal su zagaye ƙasar gaba ɗaya. Huɗu fa! To a wannan yanayin ne Frances Trollope ta shigo, mace mai kusan shekara 60 wadda ta fara rubutu bayan ta haura hamsin don ta ciyar da gidanta saboda bashi ya yi wa mijinta katutu. A watan Fabrairun 1839 ta hau jirgin ƙasa ita da ɗanta zuwa Manchesta, a jakarta akwai wasiƙun gabatarwa da Ashley ya rubuta mata da hannunsa, su ne suka buɗe mata ƙofofin mutanensa irin su Richard Oastler, ɗan fafutukar dokar awa goma, da John Wood na Bradford, wani mai masaƙa da ke goyon bayan gyaran da kuɗinsa. Ta shiga masaƙu ta shiga lungunan da ma'aikata ke kwana ta ga komai da idonta, sannan ta dawo ta rubuta labarin Michael Armstrong, yaron masaƙa, ana fitar da shi kashi-kashi duk wata a kan sule ɗaya. Masu sharhi suka yi mata caa, wai tana tunzura talakawa, wai wannan ba hurumin mace ba ne. Wannan fushin nasu ma ya isa ya nuna cewa saƙon ya je inda ake so ya je.

Kusan lokaci guda Charlotte Elizabeth Tonna na yin nata a mujallar matan Kirista da take shugabanta tun 1834. Wannan matar ta kurumce tun tana shekara 10, aƙidarsu ɗaya da Ashley a addini, kuma salonta shi ne ta ɗauko shaidar da yara da iyaye suka bayar gaban kwamitocin majalisa ta saka a bakin mutanen labarinta. Helen Fleetwood, wanda ya fito a littafi a 1841, labarin wata tsohuwa ce da aka yaudare ta da alƙawarin albashi mai tsoka ta kwashi jikokinta da marainiyar da take riƙo daga ƙauye zuwa birni, masaƙa ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɓoye manufarta ba sam, so take matan da ke karanta ta su dame mazajensu da 'yan'uwansu masu ƙuri'a.

Sai rahoton 1842 ɗin ya zo da zane-zane, abin da ba a saba gani ba a takardar gwamnati. Mata da yara an ɗaura musu bel a ƙugu, sarƙa ta bi ta tsakanin ƙafafunsu, suna rarrafe suna jan akwatin kwal cikin rami mai ruwa wanda ko tsayuwa ba a iya yi. Ranar 7 ga Yuni Ashley ya tsaya a majalisa ya kwashe wajen awa biyu yana karanto wa 'yan'uwansa waɗannan abubuwan, kafin ƙarshen Agusta doka ta fito ta hana mata da 'yan mata shiga rami kwata-kwata, da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10. Shi 13 ya so, masu ramukan kwal irin su Lord Londonderry suka yi ta ja har aka sassauta. Ɗaya daga cikin ma'aikatan kwamitin, Richard Horne, abokin Elizabeth Barrett ne, mawaƙiyar da ciwo ya tsare a ɗaki ɗaya a Landan shekara da shekaru. Daga abin da ta karanta a rahoton ta rubuta The Cry of the Children, wato kukan yara, ta fito a mujallar Blackwood a Agustan 1843, kuma har yau ana koyar da ita a makarantu.

Gaskiya dai ba komai ne ya tafi sumul ba, kuma bai kamata a ɓoye ba. Matan da aka kora daga rami ba wanda ya tanadar musu wani aiki, a Sikotilan da yawa sun shiga yunwa, wasu har kayan maza suka riƙa sakawa su koma a ɓoye, da aka kawo ƙudiri a 1843 na a bar wasunsu su koma Ashley ya ƙi. Ina ganin ya yi daidai da ya hana, amma ya gaza wajen tambayar masu abin me za su ci. Sannan ba duk marubuta mata ne ke bayansa ba, Harriet Martineau wadda alƙalaminta ya fi na maza da yawa kaifi tana ganin gwamnati ba ta da hurumin shiga tsakanin mai aiki da ubangidansa, a 1855 har ɗan littafi ta rubuta tana sukar irin waɗannan dokokin, ƙungiyar masu masaƙu ta buga mata. 'Yan adawa irin su John Bright kuma kullum gorinsu ɗaya, je ka duba leburorin gonar babanka a Dorset tukuna, kuma akwai ƙamshin gaskiya a gorin. Dokar awa goman ma da ta tabbata a 1847 Ashley ba ya majalisa a lokacin, wani ɗan majalisa John Fielden ne ya ƙarasa ta.

Alaƙar Shaftesbury da ta fi yin suna ita ce da Harriet Beecher Stowe ta Amurka, wadda tun a 1844 ta rubuta gabatarwa ga tarin rubuce-rubucen Tonna da aka buga a can, kun ga zaren a haɗe yake. Da littafinta Uncle Tom's Cabin, labari kan rayuwar bayi a Amurka, ya fito a 1852 ya karaɗe Ingila, Shaftesbury ya zauna ya tsara wata wasiƙa da sunan matan Birtaniya zuwa ga 'yan'uwansu matan Amurka kan bauta, matar basaraken Sutherland ta tara manyan mata a gidanta Stafford House aka amince da ita, daga nan mata suka bazu gida-gida suna karɓar sa hannu. Sama da mata rabin miliyan suka sa hannu, daga matan fada har masu wanke-wanke, aka ɗinke takardun cikin kundi 26. A Mayun 1853 aka yi wa Stowe gagarumar tarba a gidan, uwargidan ta ba ta munduwar zinare mai siffar marin bayi.

Suka kuwa ta biyo baya ta ko'ina. Masu tsananin adawa da bauta suka ce wasiƙar ta yi laushi don ba ta nemi a 'yanta bayi nan take ba, 'yan kudancin Amurka suka ce ku fara share ƙofar gidanku, Karl Marx kuma ya rubuta a wata jarida ta New York yana tuna wa duniya yadda gidan Sutherland ya kori dubban talakawa daga gonakinsu a Sikotilan don a yi kiwon tumaki. Ita Stowe sai da ta yi kusan shekara goma kafin ta ba da amsa a rubuce, a Janairun 1863 cikin mujallar Atlantic, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, lokacin da manyan Ingila da yawa suka karkata ga kudu mai bayi saboda audugar da masaƙunsu ke buƙata. Ta ɗauko kalmomin wasiƙar da Shaftesbury ya tsara ta mayar wa matan da suka sa hannu, tana tambayarsu ina suka tsaya yanzu.