Waiwaye: Kafin kwamfutar hannu, an yi zamanin injina a cikin akwati

Muhawarar da ake tafkawa a gidajen rediyon Kano da shafukan Facebook ta rabu gida biyu. Wasu na cewa a raba wa yaran Kurna da Rimin Kebe da Dorayi kwamfutar hannu, tunda makarantunsu ba su da ɗakin gwaji, su ga yadda sinadarai ke haɗuwa ko da a fuskar na'ura ne. Wasu kuma na cewa yaron da ke zaune a ƙasa, a ajin da ya haura mutum ɗari, benci da rufi yake bukata tukuna. Kowane ɓangare na magana kamar jiya aka fara wannan tunanin. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. A 1976 aka buɗe ƙofar firamare ga kowa a ƙarƙashin shirin UPE, yara suka yi ambaliya, azuzuwa da malamai suka kasa. A 1977 Kano ta kafa makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi da dama. Sai dai makarantun kwana ne a wajen birni, da jarrabawa ake shiga, don haka kaɗan ne daga cikin 'ya'yan talakawan unguwanni suka dace.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya biyo bayan tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a), wanda aka soma aiwatarwa a 1982. Tsarin ya zo da darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, wanda ɗalibai suka fi sani da Intirotek: aikin katako, aikin ƙarfe, lantarki da zanen fasaha. Niyyar mai kyau ce, a ce yaro ya gama aji uku hannunsa ya san zarto da guduma, ko ya ci gaba da karatu ko ya kama sana'a. Aka shigo da injina masu tsada daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu a faɗin ƙasar nan.

A makarantu da yawa, injinan sun riga ɗakin da za a kafa su isowa. Inda akwai ɗaki, babu wutar da za ta ɗauke su. Inda akwai wuta, babu malamin da ya taɓa sarrafa irinsu; ita kanta kwalejin horar da malaman fasaha ta Bichi sai a ƙarshen shekarun 1980 ta fara aiki. Ana cikin haka farashin man fetur ya faɗi, darajar naira ta bi shi, abin da ya lalace ba a samun madadinsa. Shugaban makaranta kuwa, da yake kayan suna rubuce a kundi kuma shi za a tuhuma idan wani abu ya ɓace, abin da ya fi masa kwanciyar hankali shi ne ya sa kwaɗo a sito. Haka akwatuna suka shekara da shekaru, tsatsa da gara suna aikinsu.

Asarar kuɗin ba ita ce babba ba a ganina. Babbar ita ce ɗabi'ar da ta zauna daga nan: malami ya zana injin a allo, yara su kwafa, su haddace sunayen sassansa, su ci jarrabawa. Darasin da aka ƙirƙira don hannu ya koma na hadda, kuma kowa ya saba. Yaran da aka koyar a haka, da yawansu su ne malaman kimiyya na yau. Ba laifinsu ba ne idan aka miƙa musu na'ura suka rasa ta inda za su sa ta cikin darasi.

Sauran tarihin maimaici ne. Wayar salula ta shigo a 2001. Aka yi yayin ɗakunan kwamfuta, da yawa suka ƙare a lulluɓe da leda saboda rashin wuta. A 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, sai ga ɗalibai suna taɓa madannai karon farko a ranar jarrabawa. Da korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo ce ta kai darasi lunguna, domin ita ce na'urar da ba ta neman data.

Gaskiya kayan yau sun fi na da sauƙi. Manhajar PhET ta Jami'ar Colorado a Amurka, mai nuna gwaje-gwajen kimiyya a fuskar na'ura, kyauta ce, ana iya sauke gwaje-gwajenta a yi amfani da su babu intanet, kuma ƙaramin faifan sola yana cajin na'urori da dama. Masu gyara ma ba sai an ɗauko su daga waje ba: a kasuwar waya ta Fam Santa akwai samari, wasunsu ko sakandare ba su gama ba, da ke kwance waya su gano inda wuta ta tsaya. Amma har yanzu muhawarar ta fi karkata ga guda nawa za a saya. Ba kasafai ake jin wanda ya tambayi makonni nawa za a horar da malami ba, ko wa zai biya idan gilashi ya fashe, ko a hannun wa makullin sito zai kwana.