Sau nawa Ernest T. Bass ya fito a Mayberry?

Da yawa daga masoya tsohon shirin barkwancin Amurka, The Andy Griffith Show, wanda labarinsa ke gudana a ƙirƙirarren garin Mayberry, sun ɗauka Ernest T. Bass, ɗan tsaunin nan mai jifan tagogi da duwatsu, yana cikin 'yan wasan dindindin. Ba haka ba ne. An yi shirin daga 1960 zuwa 1968, kashi 249, amma sau 5 kacal Howard Morris ya fito a matsayin Ernest. Iyalan Darling, wasu makaɗa a cikin labarin, su kuma sau 6 suka fito.

Ruɗanin ba abin mamaki ba ne. Wanda ke shigowa gari da ƙarar fashewar gilashi da dariya mai kaifi ba ya saurin fita a rai. Tashoshi kuma sun shekara suna maimaita shirin, sai mutum ya ga kashi ɗaya sau goma ya zaci goma ne daban. Morris ma ya ba da umarni a wasu kashi, sunansa ya fito ba fuskarsa.

In za ku tantance, ku ƙirga kashin da Ernest ya fito a jerin shirin, ku duba sunayen da ke fitowa a ƙarshe, ku bambanta ɗan wasa da mai ba da umarni. Ku tura wa sauran masu kallo wannan bayani.