Dimenshiya, amiloyid da tuwon da aka ɗora wa laifi

Wai ni kam yaushe dimenshiya, wato ciwon mantuwa, ta zama zagi ne? Tun kamfen ɗin 2023 na lura, ɗan siyasa zai hau mumbari ya yi tuntuɓen harshe, kafin ya sauko an cika Facebook da "baba dimenshiya ta kama shi". Da Biden ya yi muhawarar nan da Trump a watan Yunin 2024 kuwa sai kowa ya zama likitan ƙwaƙwalwa, har teburin mai shayinmu a Tudun Wada. Wannan na ƙyale, siyasa ce.

Abin da ya ƙona min rai shi ne na ranar nan a cikin keke daga Kawo, mai keken ya ƙure rediyo, wani mai tallar magani yana ta zuba wai Turawa sun gano amiloyid ke kawo ciwon mantuwa, kuma amiloyid sitaci ne, saboda haka tsofaffi su bar tuwo da doya su sayi garinsa. Wata dattijuwa a gefena ta ce "to ɗan nan in mun bar tuwo me za mu ci?" Na ce Hajiya ki ci tuwonki.

Inda abin yake da haushi, bai ƙirƙiro kalmar ba. Amiloyid daga Latin take, ma'anarta "mai kama da sitaci". A 1854 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya ga wani abu daskare a sassan jikin mutum, ya ɗiga masa aidin sai ya canza launi irin yadda sitaci ke yi, in kun tuna firaktikal ɗin sakandare da ake ɗiga aidin a kan dankali ya koma shuɗi-baƙi. Sai ya ce ai wannan sitaci ne. Shekara biyar bayan haka, 1859, aka gano furotin ne, amma suna ya riga ya zauna, kamar dai Kasuwar Barci da har gobe ake kiranta haka alhali ka je da rana ka ga ko akwai mai samun sararin runtsawa. Wato kuskuren da masu abin suka gyara sama da shekara 160 shi ne yau ake sayar mana a leda.

To mene ne shi? Irin wanda ake magana a kai a ciwon mantuwa wani guntun furotin ne da ƙwaƙwalwar kowa ke fitarwa kuma take share shi. In tsufa ya zo shara ta gagara sai ya fara taruwa. Wani ya dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wannan shi ne irin abin da likita Alois Alzheimer, wanda aka sa wa cutar Alzheimer sunansa, ya gani a 1906 a ƙwaƙwalwar wata mata da ta ruɗe tana ’yar shekara hamsin da ɗoriya. Wani kuma ya bi bangon ƙananan jijiyoyin jini na saman ƙwaƙwalwa ya lafe, kuma nan ne ba a cika magana ba. Ka tuna tsohon tiyo na ban ruwa da ya sha rana, ya bushe ya yi tauri, kana lanƙwasa shi ya tsage. Haka jijiyar ke komawa, jini ya riƙa tsattsafowa kaɗan kaɗan ba wanda ya sani sai hoton MRI ya nuna ɗigo-ɗigo baƙaƙe, tunani yana ja baya a hankali, wata rana kuma ta fashe gaba ɗaya a ce shanyewar ɓarin jiki ce, ko da mutum ba shi da hawan jini. Mafi yawan masu cutar Alzheimer ana samun wannan a jijiyoyinsu, kai a 1984 ma daga jijiyoyin jinin aka fara tace furotin ɗin.

Shi ya sa nake tsorata da yadda muke ba iyayenmu asfirin kullum don wani a majalisa ya ce yana tsinka jini. Mai irin wannan jijiyar in ka tsinka masa jini ba da izinin likita ba, ka ƙara masa haɗarin zubar jini a ka.

Kuma ba duk mai amiloyid ke ruɗewa ba, akwai tsofaffi da yawa da ke da shi hankalinsu garau. Ita dimenshiya ba cuta ɗaya ba ce, laima ce, Alzheimer ce ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da muke cewa gigin tsufa ma ni ban gamsu ba, don yana sa a ɗauka kowane tsoho dole ya yi, a kulle shi a ɗaki maimakon a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko asibitin koyarwa na Shika a duba. Gwaggona sai da ta fara tambayar ’yarta ta cikinta "ke ’yar gidan wa ce?" sannan muka daina dariya muka nemi mota.