Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja, kuma yaya ake koyon aiki a cikinta?

Kowace manhaja da ke cikin wayarka wani ne ya zauna ya rubuta ta, layi bayan layi. Yawancin kamfanoni a kulle suke ba ka ita: ka yi amfani da ita, amma rubutun da aka gina ta da shi yana hannunsu. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka bar rubutunta a fili, lasisinta ya yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Kada a ɗauka duk manhajar kyauta haka take. Da yawa ba ka biyan ko sisi a kansu, amma ba ka isa ka leƙa cikinsu ba.

Wadda ta fi shahara ita ce Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma a kanta aka ɗora Android. Sai dai ni labarin da ya fi burge ni a fannin sadarwar kwamfutoci yake. Kamfanin Linksys ya sa Linux a cikin wata na'urarsa ta raba intanet mai suna WRT54G. Lasisin Linux, wato GPL, ya wajabta wa duk wanda ya raba manhajar ya saki rubutunta, don haka a 2003 kamfanin ya sake shi. Daga nan aka haifi OpenWrt a 2004, wadda har yau mutane ke sa wa rawuta, wato irin wannan na'ura ta raba intanet, don ta yi abin da mai ita yake so. Haka ma Wireshark, da ake duba ƙunshin bayanan da ke kai-komo a layi da ita, tun 1998 take a buɗe.

To ina horon aiki ya shigo? Waɗannan manhajoji jama'a ne ke kula da su daga ƙasashe daban-daban, kuma kullum suna neman sababbin hannu. Google Summer of Code tun 2005 yake haɗa masu koyo da irin waɗannan ayyuka, kuma daga 2022 ba sai ɗalibi ba, duk sabon shiga da ya kai shekara 18 zai iya nema. Outreachy kuma horon wata uku ne daga gida, sau biyu a shekara, da alawus na dala 7,000, an ware shi ne don waɗanda ba a cika ganin irinsu a harkar fasaha ba.

Wanda ya san yadda yaron shago ke koyon gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja zai gane tsarin: akwai ubangida, ana fara ba ka ƙaramin aiki, kana yi ana dubawa. Bambancin shi ne a nan ubangidan yana iya zama a Jamus ko Indiya, kuma a gaban kowa ake duba aikinka. Ka aika gyara, a dawo maka da shi a ce sake nan, sake can, wani lokaci sau da yawa kafin a karɓa. Wannan yana da ciwo da farko. Amma shi ne abin da na fi so matasanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 su lura da shi, domin ba a tambayar ɗan wane ne kai ko wa ya turo ka. A Outreachy ma, kafin a zaɓe ka sai ka yi makonni kana ba da gudummawa, da ita ake auna ka.

Wahalar a Legas sananniya ce: wuta, kuɗin data, da Turancin rubutu, don kusan duk tattaunawar a rubuce ake yin ta. Amma kayan farawa ba su da tsada. Tsohuwar kwamfuta mai Linux ta isa, ka koyi Git, manhajar da ake adana gyare-gyaren rubutun manhaja da ita, ka fahimci yadda adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) da DNS (tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa wannan lamba) ke aiki. Harshen rubuta manhaja mai suna C zai yi maka amfani sosai, da shi aka rubuta yawancin Linux da Wireshark. Gudummawar farko sau da yawa ba ta wuce gyara kuskure a takardun bayani, ko ka gwada wata matsala da wani ya kawo ka rubuta dalla-dalla yadda ta faru a na'urarka.